Wane bota zan saya? Na fara tsarin paleo kuma na shanun kiwo nake nema

Maman_Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina zaune a Birmingham ne ni da iyalina, kwanan nan na shiga tsarin cin abincin nan na paleo saboda ƙiba da kumburin ciki da ke damuna tun bayan haihuwa, na ajiye burodi da taliya da shinkafa da siga da man gyaɗa da su man sanflawa duka, nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace kawai nake ci. To inda na tsaya shi ne maiƙo. Man zaitun yana da kyau amma wallahi bakina bai saba da shi a suyar ƙwai ba, man kwakwa kuma ƙamshinsa yana danne komai. Duk inda na karanta sai in ga ana cewa a nemi botan shanun da ciyawa suke ci, to na je shago na tsaya gaban firij na rasa wanda zan ɗauka, ga Kerrygold ga Anchor ga Lurpak ga na shagon kansa, kusan kowanne da hoton saniya a cikin kore shar, kuɗin kuma ba ɗaya ba. Ta yaya zan gane na gaskiya? Launi zan duba ko rubutu? Mai gishiri ko mara gishiri? Sannan wata ƙawata ta ce mini ai paleo ma bai yarda da komai na nono ba, to yanzu ya ke nan. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baban_Khalil_Cork ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina Ayalan ne wajen Cork, gonakin shanun madara ne zagaye da mu, don haka abin da zan faɗa miki ina ganinsa da idona duk shekara.

Abu na farko, manta da hoton da ke jikin takarda, juya bayanta ki karanta abin da aka zuba. Bota na ainihi kirim ɗin madara ne kawai, sai gishiri in mai gishiri ne, shi ke nan. Maiƙonsa kashi 80 zuwa 82 cikin 100, ragowar yawanci ruwa ne da ɗan abin da ya saura na madara. Waɗannan na cikin roba masu laushi da ake cewa za ki shafa daga fitowa firij, yawancinsu an cakuɗa su da wani man tsaba ne da ake kira repsid, har Lurpak na roba haka yake, to ke da kika gudu daga man tsaba kin ga kin koma gidan jiya ba ki sani ba. Ɗauki mai tauri na cikin takarda. In takardar mai ƙyalli ce ta fi, don haske yana ɓata maiƙo kuma bota akwai shi da kwasar warin duk abin da ke kusa da shi a firij.

Na biyu, ƙasar da madarar ta fito. A nan Ayalan ruwan sama ba ya yanke mana kuma sanyin bai cika tsanani ba, shi ya sa ciyawa take daɗewa tana fitowa. Manoma suna daidaita haihuwar shanunsu ta faɗo wajen Fabrairu da Maris don yawan nonon ya haɗu da lokacin da ciyawa ke tashi, daga nan shanu suna waje har wajen Oktoba ko Nuwamba. In hunturu ya shigo sai a maida su rumfa a riƙa ba su ciyawar da aka yanka tun bazara aka danne aka rufe da leda, da ɗan abincin buhu. Hukumar abinci ta ƙasar, Bord Bia, tana da ma'auninta na shanun ciyawa wanda ya ce kashi 95 cikin 100 na abincinsu ciyawa ne in aka auna ta ɗanya. Kin ga ba ɗari bisa ɗari ba ne, akwai ɗan hatsi a ciki, kuma gara ki san haka tun yanzu. Kerrygold na ƙungiyar manoman madara ne da ake kira Ornua, tun 1962 ake sayar da shi, kuma a cikin waɗanda za ki samu a kowane babban shago ni shi zan ce ki fara da shi.

Anchor kuwa a kula. Asalinsa na Niyu Zilan ne, can ma shanu a waje suke kusan duk shekara, shi ya sa Amurkawa masu paleo suke yabonsa a intanet. Amma wanda ake sayar muku a Ingila kamfanin Arla ne ke yinsa a Westbury da madarar Birtaniya tun 2012, ba shi ne wanda suke magana a kai ba. Ba wai ba shi da kyau ba ne, kawai dai kar ki biya kuɗi da tunanin daga Niyu Zilan ya zo.

In kuma so kike ki samu wanda ba a ba saniyar hatsi ko kaɗan ba, nemi tambarin Pasture for Life, su ne ke tantance gonakin da ciyawa zalla ake ci. Ƙananan gonaki ne, ba kasafai za ki gani a babban shago ba sai kasuwar manoma ko ki yi oda, kuma da tsada. Tambarin oganik shi daban ne, ƙa'idarsa aƙalla kashi 60 cikin 100 na abincin ya zama ciyawa da dangoginta, a fitar da shanu kiwo in yanayi ya yi, ba takin zamani a gonar, amma ana ba su hatsi.

Maganar launi, eh yana nuna wani abu. Ruwan ɗorawar nan daga sinadarin bita-karotin yake zuwa, wanda ke cikin ɗanyar ciyawa, irin na jikin karas. Ki sayi bota ɗaya a Yuni ki sake saya a Janairu ki yanka ki ajiye su gefe da gefe, na bazara ya fi launi kuma ya fi saurin laushi in kin fito da shi. Sai dai launi kaɗai ba hujja ba ne, shanun Jersey da Guernsey nononsu dama can ya fi na sauran launi, kuma a wasu ƙasashe ana zuba kala, to nan ma dai bayan takardar ne zai gaya miki.

Hajiya_Yar_Zariya ta rubuta:

Ikon Allah. 'Yata wannan abin da kike ta yawon nema a Ingila ai man shanu ne, wanda muka tashi muna gani a ƙwaryar Fulani. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, a gabana ake tatsa da safe a zuba a ƙwarya a rufe da faifai ya kwana ya yi barci, washegari a juye a gora a yi ta girgizawa har man ya tattaru ya taso, a tsame shi da hannu a wanke da ruwan sanyi a dunƙula. Shanun nan Bunaji farare ba su san wani abincin buhu ba, daji suke shiga.

Abin da Malam na Cork ya faɗa game da lokaci gaskiya ne, mu ma haka yake a nan. Man damina daban man rani daban. Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, wajen Yuli zuwa Satumba, nono ya yi yawa ya yi araha, man ya fito da launi da ƙamshi. Da rani kuwa shanu sun koma kara da harawa da dusa da angurya, nonon ya ragu, man ya yi fari fat kuma ga tsada. Shi ya sa iyayenmu da damina suke saye da yawa su soya su ajiye, su ci har wata daminar ta kusa.

To shawarata gare ki, ko wanne kika saya a can, ki sayi mara gishiri ki soya shi. Ki sa a tukunya mai kauri, wuta ƙasa-ƙasa, kar ki rufe. Zai narke ya yi kumfa fara a sama ya riƙa ƙara yana tartsatsi, wannan ruwan ne ke fita. Ki bar shi, kar ki yi ta juyawa. In ƙarar ta lafa kika ga man ya washe kina hango gindin tukunya, farin abin nan da ya kwanta a ƙasa ya fara komawa ja-ja, ƙamshi ya cika kicin, to maza ki sauke, don tsakanin ya yi da ya ƙone ba nisa. Mu muna jefa yankakkiyar albasa a ciki, in ta yi ja mun san ya soyu. Ki bari ya ɗan huce ki tace da ƙyalle mai tsabta a kwalba busasshiya. In ya daskare za ki gan shi yashi-yashi, alamar an soya da kyau ke nan. Cokali mai ruwa kar ya kusance shi, zai yi miki watanni ko ba firij.

Miyar kuka ko ta kuɓewa ki ɗiga cokali ɗaya a kai, ko ba tuwo za ki sha ki ji daɗi.

Maman_Hanan ta rubuta:

Kai na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi, wallahi na roban nake ta kallo don shi ya fi sauƙin shafawa. Mama na gode, kin tuna mini gida. To tunda haka ne ba sai in sa a taho mini da na gida ba in wani zai zo? Kuma ina ganin gwangwanayen gi a shagunan 'yan Pakistan na Alum Rock, shi ma ɗaya ne da soyayyen? Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini maganar ƙawata.

Baban_Khalil_Cork ya rubuta:

A'a Hajiya kar ki sa kowa ya ɗauko, dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi kuma ana iya cin mutum tara. Gi kuwa eh shi ne soyayyen man shanu irin na Indiya da Pakistan, amma iri biyu ne a kan kanta, akwai na bota zalla akwai wanda man ganye ne kawai aka daskarar, yawanci na kwakwar manja, kuma gwangwanayen suna kama da juna. Ko na botan ma ba kasafai suke faɗin abin da shanun suka ci ba. Yadda Hajiya 'Yar Zariya ta koya miki ya fi, ki sayi wanda kika yarda da shi ki soya da kanki, giram 250 zai ba ki wajen giram 200.

Anti_Nas ta rubuta:

Bari in amsa miki ta ƙawarki ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ina zama da masu hawan jini da ciwon siga kullum, shi ya sa wannan maganar take taɓa ni.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Tsarin, wato cin irin abincin mutanen da tun kafin a fara noma da kiwo, ya samu ƙarfi ne daga wani rubutu da Boyd Eaton da Melvin Konner suka fitar a 1985 a Amurka, daga baya Loren Cordain ya yaɗa shi da littafinsa na 2002, kuma shi Cordain ya cire duk kayan nono, hujjarsa ita ce ɗan Adam bai fara kiwo da tatsa ba sai wajen shekara 10,000 da suka wuce. Waɗanda suka zo daga baya ne suka sassauta, irin su Mark Sisson, suka ce bota kusan maiƙo ne zalla, sigan madara da furotin ɗinta da ke damun wasu mutane kaɗan ne suka rage a ciki. Har shirin cin abincin nan na kwana talatin da ake kira Whole30 da ya hana kayan nono ya bar soyayyen man, don suyar tana cire kusan duk abin da ya saura. To ke da kumburin ciki ya kai ki, soyayyen shi ya fi dacewa da ke, kuma ya fi jure wuta, ɗanyen bota yana fara hayaƙi tun wajen digiri 150 zuwa 175, soyayye sai ya kai wajen 250.

Amma ga inda nake so ki tsaya ki ji ni da kyau. Gaskiya ne botan shanun kiwo ya fi na shanun hatsi maiƙon nan mai amfani da ake kira omega-3 da wani maiƙo da ake kira CLA da bita-karotin, an auna an gani. Sai dai omega-3 ɗin da ke cikin bota dama ɗan mitsitsi ne, ko an ninka shi bai kama ƙafar yanka ɗaya na kifin taitus ko sadin ba. Abin da bai canza ba shi ne maiƙo mai daskarewa, kusan rabin nauyin bota shi ne, ko saniyar me ta ci. Babban cokali ɗaya, wajen giram 14, yana da kalori kusan 100 da giram 7 na wannan maiƙon. A nan Birtaniya hukumar lafiya ta NHS cewa ta yi mace kar ta wuce giram 20 a rana, namiji 30. Lissafa ki gani, cokali uku kin cinye kason ranar, ba a sa naman rago da fatar kaza da ƙwai ba, ga shi kuma a paleo su ne abincin. Soyayyen ma ya fi ƙarfi tunda an kore ruwan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu zuba cokali biyu na bota a ruwan kofi da safe suna cewa magani ne. Na ga mutane sun rage ƙiba sun ji daɗi, aka auna jini sai ga mugun kolestarol, wato maiƙon jini, ya tashi, su kuma ba sa jin komai a jikinsu don shi ba ya ciwo. Ba kowa haka ke faruwa da shi ba, jiki ya bambanta, amma ba yadda za ki sani sai da gwaji. Ki je wurin likitanki ki ce a auna miki maiƙon jini yanzu da kike farawa, ki sake bayan kamar wata uku. In kuma kina shayarwa ki gaya masa kin daina nono da hatsi gaba ɗaya, don sinadarin kalsiyam sai kin nemo shi a wani wuri, kifi mai ƙaya mai laushi irin sadin da ganyaye. Man zaitun ɗin ma kar ki yar da shi, ki bar shi ga salak da gashi, man shanu ki bar shi ga ƙwai da kan miya.

Abba_Gwarinpa ya rubuta:

Salam. Ni a Abuja nake ina bin wannan tsarin ni ma saboda jim, wato gidan motsa jiki, Kerrygold ɗin nan in ka same shi a manyan shaguna kuɗinsa sai ka riƙe baki, wani lokaci ma ka ga alamar ya narke ya sake daskarewa saboda wuta. A gida kuma in ka ce bota sai a miƙo maka Blue Band alhali majarin ne na man ganye. Mama dan Allah ya ake gane man shanu mai kyau a kasuwa, don an ce ana haɗa shi da wasu abubuwa.

Hajiya_Yar_Zariya ta rubuta:

Ɗana kai da kake gida me ya kai ka na kwali. Ana haɗawa kam, musamman soyayye na cikin gorar roba da ake jerawa a bakin titi, wasu majarin suke narkawa a ciki, wasu kitse, a soya albasa da yawa ƙamshinta ya rufe. Shi ya sa ni ba na sayen soyayye sai a hannun wadda na sani. Ɗanye nake saye, dunƙule-dunƙule yana iyo a cikin nono, in zo gida in soya.

In ka je, ka ce ta ɗan lakato maka ka sa a tafin hannu. Na gaskiya nan da nan zai narke da ɗumin jikinka, ƙamshinsa na nono ne mai ɗan tsami-tsami mai daɗi. In ka ɗanɗana ya bar maka wani abu yana liƙe a dasashi da saman baki kamar ka ci naman da ya huce, to da kitse a ciki. In yana ɗaci ko yana wari mai hawa kai, ya kwana biyu, bar shi. In kuma ka soya ka ga gari-gari ya taru da yawa a gindin tukunya man ya fito ɗan kaɗan, an ƙara masa wani abu don nauyi, kar ka koma wurinta. Wannan duk gwajin gida ne, zai kama maka ha'inci mai yawa amma ba zai kama ɗan kaɗan ba, don haka abin da ya fi shi ne ka samu mace ɗaya mai kawowa daga ruga, ka riƙe ta, ka riƙa biyanta da kyau ba ka tsaya ja-in-ja a kan ɗari biyu ba, ita da kanta za ta riƙa ware maka na safiyar ranar.

Kuma kar ka ci shi ɗanye ko ka ga yana sheƙi, ba kowace ke dafa madarar ba kafin ta kwana, ana ɗaukar ciwon bakkale da tarin fuka na shanu ta nan, suyar ce ke kashe su. Ka tanadi kwalabenka na gilashi tun yanzu, in Agusta ta yi ka saya da yawa ka soya lokaci ɗaya, ka sa a inda rana ba ta kaiwa.

Anti_Nas ta rubuta:

Abba kai ma gwajin jinin nan ya shafe ka, 'yan jim sun fi kowa zuba shi da yawa. Kowane babban asibiti ko lab a Abuja suna yi, ka tambaye su tun kafin ka je ko sai ka zo ba ka karya ba.